Wutsiyar Faifai

Mabuɗin shagon yana cikin jakar 'yarsa, shi kuma Mai Agogo yana bin jakar da ido duk inda ta yi. Tun makon jiya ta karɓe shi. Da ma da faɗa ta karɓa, da ya fi masa sauƙi. Da lallami ta zo, da irin muryar da take yi wa marasa lafiya a asibitin da take aikin jinya: "Baba, ka ɗan huta tukuna." Mutumin da har yau yake tsinto sukurun da bai kai ƙwayar yashi ba da bakin hantsaki, hannunsa ko rawa ba ya yi, shi ne ake ce wa ya huta, wai kansa ya fara kwancewa.

Laifinsa guda ne. Ya ce ya taɓa fitowa a talabijin.

Gaskiya kuwa ya faɗa. Tun yana saurayi, lokacin da hoton talabijin baƙi da fari ne kuma unguwa guda takan taru a kan akwati ɗaya, shi ne Mai Gadi a wasan barkwancin da ake nunawa kowane mako. Sai a liƙa masa gemun auduga, a kifa masa wata ƙatuwar hula har ta rufe gira, a rataya masa usur. Ɓarawo zai zo ya wuce ta gabansa da katifa a ka. Shi kuma ya miƙe da ƙyar, ya busa usur ɗin da ba ya ƙara, ya daka tsawa: "Tsaya nan!" Sai ya yi ɗan shiru, ya dubi girman ɓarawon, ya dubi nasa, sannan ya ce a hankali: "To, wuce. Amma na gan ka." Mutane har kwanciya suke yi don dariya.

Da ya tashi aure, uban yarinyar ya ce shi kam ba zai haɗa zuri'a da wawan akwati ba. Mai Agogo ya yi alkawarin zai bar wasan, kuma ba zai ƙara ambatonsa ba, ko a gaban 'ya'yan da za a haifa. Kyan alkawari cikawa, ya cika. Ya koyi gyaran agogo, ya ja bakinsa ya ɗinke. Matarsa kaɗai ta sani. Idan ya kama ta ta janye masa matashi ko ta riga shi shan shayinsa, sai ta leƙa ta ga yara ba sa kusa, ta jira. Shi kuma ya ce, "To, wuce." Ita ce take ƙarasa sauran.

Bara ta rasu. Da babu mai ƙarasa masa, sai ya fara ƙarasa wa kansa, a fili. Ya faɗa wa kyanwar da ta shiga ɗakin girki, ya faɗa wa mai babur ɗin da ya watsa masa ruwan kwata, ya kuma fara bai wa kowa labarin gemun auduga. 'Ya'yan suka kalli juna. Sun girma a gidan nan ba su taɓa jin an ce uban nasu ya ko leƙa gidan talabijin ba, yau rana tsaka ya zama tauraro? Suka duba a waya, babu. A wurinsu kuwa abin da babu shi a waya ba a taɓa yin sa a duniya ba. Ya kira mai gyaran takalmin da ke gefen shagonsa, sa'ansa ne, don ya shaide shi. Munafukin ya sosa ƙeya ya ce, "E to, na tuna an yi wani Mai Gadi. Amma shi dogo ne."

Likita ma aka kai shi. Likitan ya sa shi ya faɗi ranar da ake ciki, ya zana agogo a takarda. Agogo! Shi za a sa ya zana agogo. Ya zana har da hannun daƙiƙa, amma wajen fita, da likitan ya wuce ta gabansa, sai bakin ya suɓuce masa. Likita ya dubi 'yar, 'yar ta dubi ƙasa, da yamma mabuɗi ya koma jaka.

Shi ya sa yau suke zaune a ɗakin karɓar baƙi na gidan talabijin. Ita ta ce, "Baba, gani ya kori ji. Ka nuna min ko da ƙiftawar ido ne, in ba ka mabuɗinka in roƙe ka gafara."

"Za ki gani, Uwata," in ji shi. Haka yake kiranta.

Ginin ya sha gilashi da fenti, bai gane komai ba sai matakala. A kusurwa an ajiye wata tsohuwar kyamara mai ƙafa uku, irin wadda mutum biyu suke turawa. Zuciyarsa ta buga, domin ya san ta, ita ce take tsayawa ta hagunsa. An ɗora mata tukunyar furen roba a ka, wani kuma ya cusa bawon ayaba a inda ido yake leƙawa. Ya kawar da kai.

Manajan shirye-shirye ya fito, wani matashi mai sheƙi, turarensa ya riga shi isowa. Ya riƙe hannun Mai Agogo da hannu biyu ya dinga girgizawa yana kallon wayarsa. "Iyayenmu! Ai ku ne tarihin gidan nan. Ka zo a daidai, Baba, mun gama kwashe duk tarihinmu mun zuba a kwamfuta. Komai yana nan, ko allura ba ta faɗi ba." Bai tambayi sunansa ba, bai tambayi wane wasa ba. Ya nuna musu hanyar ofishin ajiya da leɓe, ya wuce, turaren ya tsaya tare da su.

Hanyar ta bi ta bayan gini, inda fenti bai kai ba. Suka wuce wani ɗaki ƙofarsa a buɗe, sai wani wari ya doke su, tsami-tsami, gauraye da na kashin jemage da rigar da ta jiƙe aka manta da ita. Nan ne tsohon ɗakin ajiyar. Silin ya rufto a gefe ɗaya, ruwan sama ya zana taswira a bango, kantoci sun yi tsatsa, babu komai a kansu sai kashin ɓera. Da ganin tayil ɗin bangon da bututun da aka toshe da tsumma, mutum ya san asalin ɗakin bayan gida ne. 'Yar, wadda ta saba da warin asibiti, sai da ta toshe hanci da gefen mayafi.

Ma'ajiyar, wato mai kula da ajiyar, tana sabon ofis mai sanyi. Mace ce matashiya, mai fara'a, tana tauna cingam, farcenta ya sha ado. Ta ba su kujera, ta ce Baba sannu da hanya, ta juyo musu fuskar kwamfutar da alfahari. Ya faɗa mata sunan wasan. Ta buga, ta girgiza kai. Ya faɗi sunan wanda ya shirya shi. Ta sake girgiza kai.

"Bari in nuna maka abin da muke da shi na wancan zamanin," in ji ta.

Ta danna. Wani babban mutum mai tumbi yana yanke ƙyallen buɗe wani gini. Ta danna. Mutumin nan dai, yana duba wata rijiya. Ta danna. Shi ne kuma, ya tsaya a gaban abin magana yana ta godiya ga waɗanda suka gode masa. Daraktan gidan ne na lokacin. Ga shi yana sauka daga mota, ga shi yana shiga mota, ga shi yana karɓar baƙi, ga baƙin suna karɓar sa. Mai Agogo ya tuna shi sarai. Bai taɓa sanin mutumin ya yi wani abu da ya wuce gyaran murya ba.

"Ina wasannin?" ya tambaya. "Ina waƙoƙin? Akwai wata mata mai shirin yara, muryarta kamar ruwan sanyi. Akwai makahon nan mai kiɗa."

"Ai an shafe su tun tuni, Baba, tun ba a haife ni ba," ta faɗa kamar mai cewa an ɗauke wuta. "Faifan lokacin manya ne, ka san su, kamar tiren shayi, da zaren ɗaukar hoto nannaɗe a jiki, ga tsada. To in an nuna shiri an gama, sai a mayar da faifan a ɗauki wani abu a kai. Na Darakta ne kawai ba a taɓawa. Da faifai ya hau kan jawabinsa, shi ke nan, ya tsira."

Wato haka aka yi. Ɗaya bayan ɗaya aka bi su, mai shirin yara, makaho, ɓarawo da katifarsa, aka ɗora musu tumbin mutum guda aka danne. Mai Agogo ya ɗauke ido daga kwamfutar. Ya saci kallon 'yarsa. Ba haushi ba ne a fuskarta, tausayi ne, irin wanda ake yi wa tsohon da ya yi fitsari a zaune. Ya fi son ta mare shi. Ta ɗora hannu a kafaɗarsa.

"Baba, mu tafi. Ba komai."

Ma'ajiyar ba ta son baƙi su tafi ba su san wahalar da ta sha ba. "Wallahi aikin nan ya ci ni," in ji ta. "Ba kwashewar ba ce matsala, wutsiya ce."

'Yar ta tsaya don ladabi. "Wutsiya kuma?"

"Haka muke ce mata a nan. Kin ga in aka ɗora sabon shiri a kan tsoho, in sabon bai kai tsohon tsawo ba, sai ƙarshen tsohon ya rage a baya yana reto. To Darakta in ya gama jawabi, aka tafa, hoto ya yi yarr, sai kawai ki ga wasu tarkacen mutane sun faɗo. Wani na rawa, wata na waƙa, rabi-rabi, babu kai babu gindi. Kusan kowane faifai da tasa wutsiyar. Manaja ya ce ba ya son ƙazanta a tarihinmu, abin da aka rubuta a jikin faifai shi kaɗai za a ɗauka. Ni na zauna da hannuna na bi su duka na datse. Tas! Duba ki gani, kowanne da an gama tafi yake tsayawa."

Mai Agogo ya koma ya zauna, ba don ya yi niyya ba.

"Yaushe?" ya ce.

"Watan jiya muka ƙarasa."

Watan jiya. Duk shekarun nan da yake riƙe da bakinsa, ashe yana nan a bayan gidan can, a maƙale a bayan tumbin Darakta, ruwa bai ci shi ba, ɓera bai ci shi ba. Ya tsallake jemage da tsatsa da silin da ya rufto, sai mai tsabta ce ta zo ta same shi. Watan jiya yana can yana gardama da mai gyaran takalmi a kan tsawo.

"Akwai wani ma da ya fi damuna," ta ci gaba, tana dariya tun kafin ta faɗa. "Wani wawa da gemun ƙarya da ƙatuwar hula. Da alama wasansu a ƙarshensa ake yin abin, don kullum shi nake tararwa a wutsiya. Na datse shi, na datse shi, har mafarkinsa na fara yi. Ga wata magana da yake yi, ta liƙe min a ka, ko wanka nake yi sai in ji ina faɗa."

Ta tura cingam ɗin gefen kumatu, ta ƙanƙance ido, ta ɗaga yatsa mai dogon farce, ta shaƙe murya.

"Tsaya nan! To wuce amma na gan ka!"

Ta fashe da dariya har tana buga tebur.

Hannun da ke kan kafaɗarsa ya yi nauyi, sannan ya janye a hankali. Bai juya ba, amma ya ji numfashin 'yarsa ya sauya. Wannan ce maganar da ta kai wa likita a matsayin alama, wadda ta kira ƙannenta a waya ta maimaita musu tana kuka. Ga ta tana fitowa daga bakin wata da ba ta taɓa ganin ubanta ba.

Ya kamata ya ji daɗi. Abin da ya zo nema ke nan, shaida. Sai dai bai taɓa zaton a wannan kwanon za a miƙo masa ita ba. Duk abin da ya rage na ƙuruciyarsa a faɗin duniya yana cikin bakin nan, tare da cingam, ana jujjuya su. Kuma ta ɓata shi. Ta haɗa maganar a numfashi ɗaya, ta cinye shirun da ke tsakiya, alhali shirun nan shi ne wasan gaba ɗaya.

"Ba haka ake yi ba," in ji shi.

Ya dafa tebur ya miƙe. Ya sa yatsu biyu a baki a madadin usur, ya hura, iska kawai ta fita, kamar yadda ya kamata. Ya daka tsawar. Ya yi shirun, ya dubi ɓarawon da babu shi daga ƙafa har kai, ya dubi nasa jikin, ya sauke kafaɗa. Sannan ya faɗi sauran a hankali.

Ma'ajiyar ta karkata kai tana nazari, tsakaninta da Allah.

"A'a, Baba," ta ce. "Ka ɗan yi ƙoƙari, amma ba haka yake yi ba. Shi nasa ya fi ban dariya. Ni fa na gan shi ya fi a ƙirga."

Na'urar sanyaya ɗaki tana ta huci.

'Yar ce ta yi magana, da wata murya da ba ta asibiti ba. "Faifan fa? Su kansu faifan da kika kwashe, suna ina?"

"Ai ba su da amfani kuma, ga wari. An ce a fitar da su a gyara ɗakin. Ƙarafunan jikinsu masu sayen gwangwani sun kwashe, zaren kuma mai lambu ya roƙa. Ku bi ta ƙofar baya, in dai bai ƙona ba."

Bai ƙona ba. A bayan katangar gidan akwai wani fili da ruwan kwatar gidan yake gangarawa, wani mutum ya mayar da shi lambu, ya shuka latas da tumatir. Ya kakkafa sanduna, ya warware zaren faifan ya ja shi daga sanda zuwa sanda, sama da ƙasa, har lambun ya zama kamar saƙar gizo-gizo. Zaren baƙi ne mai faɗi, yana ƙyalli a rana, iska tana kaɗa shi yana wani siririn kuka. Wani wurin ya koɗe har ana hango sama ta cikinsa. Wani ya tsinke ya faɗa kwata, ya nannaɗe da leda da gashin kaza.

Mai lambun ya ɗago daga inda yake ban ruwa. 'Yar ta gaishe shi ta tambaye shi na mene ne.

"Na korar tsuntsu ne," in ji shi, yana share zufa. "An ce min suna tsoron ƙyallinsa. Ƙarya ce. Kwana biyu suka yi suna tsoro, yanzu a kai suke hutawa in sun ƙoshi."

Gaskiyarsa. Ga su nan jere a kan zaren, ƙananan tsuntsaye masu ƙiba, suna lilo, suna gyara fiffike, suna sakar masa farin kashi. Ɗaya ya diro ya tsaga tumatir, ya koma ya zauna ya goge baki a jikin zaren.

Mai Agogo ya matsa ya kama wani da ke reto kusa da shi. Ya ɗaga shi sama wajen haske, ya ƙanƙance idon da yake duba cikin agogo da shi. Ya san ba a ganin hoto a irin wannan zaren, tun da can ya sani, amma ya duba. Baƙin ya murmushe ya manne masa a yatsu kamar toka. Ya goge a gefen wandonsa, bai fita ba.

Ya ji ƙarar zik ɗin jaka a bayansa. Ta kamo hannun nasa mai baƙin, ta buɗe shi, ta sa mabuɗin a ciki, ta rufe da nata hannun. Idonta ya cika.

"Baba, ka yafe min." Ta goge ido. "Mama ta sani?"

"Ita take ƙarasa min."

Ta juya ta dubi zaren. Can ta ce, kamar ƙaramar yarinya, "Ni ban taɓa gani ba. Ɗazu ma kunya ta hana ni kallo sosai. In mun je gida ka yi min shi tun daga farko."

Ya jinjina mabuɗin a tafinsa. Ya samu abin da ya zo nema, amma bai ji ya ƙoshi ba. Ya ɗaga haɓa ya nuna mata lambun.

"Me zan yi miki, Uwata? Ga shi nan ana nunawa. Mai gadi yana tsaye, ɓarayi suna ci."

Daga cikin gini, ta tagar ofishin ajiya, aka jiyo muryar Darakta yana godiya, sai tafi, sai shiru, tas. Wani tsuntsu ya tsinko tumatir ɗan ƙarami, ya tashi da shi ta saman kansu, bai ko yi sauri ba. Mai Agogo ya bi shi da ido har ya haye rufin gidan talabijin, ya sauka a kan gilashin da aka goge.

"To, wuce," in ji shi.

Ya ja bakinsa ya yi shiru, don ya saba a nan ake jira. Sai ya ji murya a gefensa, tana rawa, ta ƙarasa.

"Amma na gan ka."